LABARIN ZUCIYA A TAMBAYI BAKI

Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiya ya gabatar gaban taro. An buga shi nan don waɗanda ba su samu zuwa ba.

  

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Yau muna so mu ƙara bisa wagga magana, mu ce a tambayi baki kuma. Akwai ciwon baki wanda ba shi warkewa gaba ɗaya: shi lafa wata guda, shi taso wata guda, mutum shi yi shekaru da shi. Wani dasashi ne ke jini, wani gyambo ne ke fitowa cikin leɓe, wani kuma zafi ne cikin kunci, ko yaji kaɗan ba shi iya ci. Da yawa cikinmu na da shi, ba mu faɗi. Abin da munka zo da shi guda ne: damuwa mai daɗewa tana sauya aikin jini, kuma baki na cikin wuraren da ke nuna haka. Don haka maganin irin wanga ciwo wuri biyu ne, da baki da zuciya.

1. ABIN DA DAMUWA KE YI CIKIN JIKI

Kowa ya san yadda yawu ke ƙafewa in mutum ya tsaya gaban alƙali, ko in jandarma ya ce a sauko daga mota a nuna takardu. Zuciya na bugawa, tafin hannu na gumi, harshe ya bushe kamar busasshen ganye. Ba a ba shi komi ya sha ba, tsoro kaɗai ya yi wanga aiki. To, yaya tsoro ke isa baki?

Bisa kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka, nauyinta kamar giram 5. In ƙwaƙwalwa ta ga haɗari sai ta aika mata, ita kuma ta zuba wasu ƴan aike cikin jini, waɗanda likitoci ke kira ormon. Na farko sunanshi adirenalin. Shi ke tashi nan take, shi sa zuciya gudu, shi sa yawu shi yi kauri. Na biyu sunanshi kortizol. Shi ke biyowa baya da ƴan mintoci, shi ƙara sukari cikin jini don a samu ƙarfi, shi ce ma sauran ayyukan jiki su dakata, har da aikin gyaran rauni da aikin tsaro. Ga mai lafiya kortizol na da yawa da safe bayan tashi barci, shina raguwa har tsakar dare, lokacin da jiki ke hutawa shina gyaran kanshi.

Wanga tsari alheri ne. Kamar a yi kururuwar gobara ce cikin gari: kowa shi aje abin da shike yi, a kashe wuta, a koma aiki. Amma in kullum kururuwa ake, safe da dare, wa zai yi noma, wa zai gyara darni? Haka jikin mutumin da bashi ya danne, ko wanda ke kwana da tunanin hatsin gida, ko matar da mijinta ya yi shekara 2 ba labari. Kururuwar ba ta tsayawa.

Wani likita mai suna Hans Selye ya nuna haka tun 1936 a birnin Montreal na ƙasar Kanada. Ya sa ɓeraye cikin wahala iri-iri, sanyi, rauni, gudu ba hutu. Kowace irin wahala ce, abu guda ya gani: tsokar bisa ƙoda ta kumbura, wuraren da jiki ke tara dakarun tsaro sun shanye, gyambo ya fito cikin ciki.

Dakarun nan su ne fararen ƙwayoyin jini. Mu ɗauke su kamar dogarai. In cuta ta shigo su ke taruwa su yi faɗa, faɗan nan shi ne kumburi da ja da zafi da muke gani. In an gama, kortizol ke ce masu ya isa haka. Damuwa mai daɗewa tana ɓata wanga tsari ta hanya biyu. Ta farko, dogaran su yi rauni, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Ta biyu, don yawan jin tsawa kullum, kunnensu shi toshe, su daina jin "ya isa", sai kumburi shi ƙi mutuwa. Masu bincike na jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun bayyana wagga hanya ta biyu cikin 2012.

Baki kuwa wuri ne da ƙwayoyin cuta iri ɗaruruwa ke zamne kullum, ko ga mai lafiya. Yawu ke wanke su, jiki na yin kusan lita 1 kowace rana. In yawu ya ragu, tsaro ya yi rauni, kun san sauran: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

2. CIWO UKU DA YA KAMATA MU SANI

Na farko, ciwon dasashi. Mafarinshi datti mai yauƙi da ke taruwa gindin haƙori. Dasashi shi yi ja, shi kumbura, shi yi jini in an yi asuwaki. In an bar shi sai shi gangara ƙasa shi ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, baki shi yi wari, haƙori shi fara girgiɗi har shi faɗi, ba tare da ya ruɓe ba. Mu kan ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne, ciwo ne, kuma ana tsai da shi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta faɗi cikin rahotonta na 2022 cewa mutane wajen miliyan 1000 ke da mai tsananinshi cikin duniya.

Akwai wani irinshi mai saurin gaske, wanda tsinin dasashi tsakanin haƙora ke ruɓewa cikin ƴan kwanaki, da zafi da wari. Lokacin yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 ya kama sojoji da yawa cikin ramukan da sunka yi watanni ciki, ga tsoro, ga rashin barci, ga taba, ga rashin wankin baki. Har Turawa sunka sa mashi suna ciwon bakin rami. Wani likitan Faransa, Hyacinthe Vincent, shi ya bayyana ƙwayoyin da ke cikinshi tun kafin yaƙin.

Na biyu, ƙananan gyambuna masu dawowa. Su kan fito cikin leɓe, gefen harshe ko cikin kunci, kewayayyu, tsakiya fari ko rawaya, gefe ja, girmansu kamar ƙwayar wake ko ƙasa da haka. Suna da zafi ƙwarai, su kan warke da kansu cikin kwana 7 zuwa 14, sa'an nan su dawo. Kusan mutum 1 cikin 5 na samunsu cikin rayuwa. Ba a ɗaukarsu wurin wani. Gado na ciki, ƙarancin jini na ciki, cizon leɓe na ciki, amma masu su da yawa sun lura lokacin matsi suke tasowa.

Na ukku, wanda likitoci ke kira liken pilan. Wanda ya buɗe baki gaban madubi zai ga fararen zane siriri kamar saƙar gizo cikin kunci, galibi gefe biyu. Wani lokaci babu zafi. Wani lokaci wurin shi yi ja shi saɓule, barkono, lemun tsami ko shayi mai zafi su zama azaba. A nan dogaran jiki ne da kansu ke kai ma fatar baki hari bisa kuskure. Shina kama wajen mutum 1 cikin 100, ya fi yawa ga mata masu matsakaicin shekaru. Ba shi yaɗuwa ta kwano, ko moɗa, ko zaman aure. Muna roƙon a riƙe wagga magana, don an sha ware mace da ƙwaryarta saboda shi, an ƙara mata ciwo bisa ciwo. Shi kan yi shekaru, kuma ga kamar 1 cikin 100 na masu shi wurin kan juye shi zama sankara. Shi ya sa mai shi ke bukatar likita shi riƙa dubawa ko sau 1 a shekara, ko da ba shi jin zafi.

3. SHAIDAR DA ANKA SAMU

Kada a ce zance ne. An gwada.

Cikin 1998, a jami'ar jihar Ohio ta Amurka, an ɗauki ɗalibai 11 masu koyon aikin haƙori. Da yardarsu anka yi masu ɗan ƙaramin rauni bisa ganɗa sau 2: sau ɗaya lokacin hutu, sau ɗaya kwana 3 kafin babbar jarrabawa. Mutum guda, baki guda, rauni iri guda. Na lokacin jarrabawa ya ƙara wajen kwana 3 kafin shi warke, wato jinkirin kashi 40 cikin 100. Cikinsu babu ko ɗaya da ya warke da sauri lokacin jarrabawa kamar yadda ya warke lokacin hutu. In fargabar jarrabawa ta yi haka ga matashi mai ƙoshi, ina ga magidancin da ya shekara da fargabar ciyar da mutum 10?

Cikin 1999, likita Robert Genco da abokan aikinshi sun duba bakin mutum 1426 a jihar New York. Cikin damuwoyin da sunka tambaya, matsin kuɗi shi ya fi tafiya tare da lalacewar dasashi da ƙashin haƙori. Amma ga abin da ya kamata mu saurara da kyau. Masu matsin kuɗi waɗanda ke tunkarar matsalarsu, suna shawara, suna neman mafita, bakinsu bai fi na marasa matsi lalacewa ba. Waɗanda ke haɗiye abin suna ƙuna a ciki, su ne ciwon ya fi ci. Ke nan ba talauci kaɗai ba ne, har da yadda mutum ke ɗauke da shi, da ko shi kaɗai ke ɗauka.

Cikin 2003, a Istambul ta ƙasar Turkiyya, an auna yawun masu liken pilan, an iske kortizol ɗinsu da fargabarsu sun fi na masu lafiya. Abin na tafiya gaba da baya: damuwa na tada ciwo, ciwo na hana ci da barci, mutum shi shiga tsoron ko sankara ce ko sammu, tsoron shi ƙara tada ciwo. Damuwa ba ita kaɗai ke kunna wutar ba, amma ita ke hura ta.

4. ƊIYANMU ƘANANA

Yunwa ma damuwa ce ga jiki, ko yaro bai san sunanta ba. Farfesa Cyril Enwonwu, ɗan Najeriya, ya yi shekaru shina binciken bakin yara masu tamowa, ya nuna kortizol na yawa cikin jininsu, tsaronsu kuma ya faɗi. Irin waɗanga yara, in ƙyanda ko masassara ta bi ta kansu, ciwon dasashi mai ruɓa da munka ambata kan wuce dasashi shi ci kunci da leɓe da ƙashi cikin kwanaki kaɗan. Shi ne likitoci ke kira noma, ba noman gona ba. Ya fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6, kuma in ba magani, har 9 cikin 10 na iya rasuwa. Ƙasarmu da arewacin Najeriya na cikin wuraren da anka fi saninshi. Ƙungiyar Sentinelles ta buɗe gidan kula da masu shi a Damagaram tun cikin shekarun 1990, an buɗe asibitinshi a Sakkwato cikin 1999, kuma cikin Disamba 2023 OMS ta sa shi cikin jerin cututtukan da anka yi sakaci da su.

Iyayenmu mata, ku ne masu tsaron wagga ƙofa. Ku riƙa buɗe bakin yaro kuna dubawa, balle bayan ƙyanda ko bayan yaye. In dasashi na jini, baki na wari, yawu na zuba, ko kunci ya fara kumburi, a kai shi likita ran nan, kada a jira kasuwa ta ci. Tun da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci mai kyau na tsai da shi sarai.

5. ABUBUWAN DA MUKE ƘARA MA WUTA

Mai damuwa ba shi barci, sai shi nemi abin riƙe ido. Goro, shayi mai sukari zubi 3, kofi, sigari, taba da kanwa cikin leɓe. Goro da shayi da kofi in dare ya yi suna ƙara kore barci, rashin barci kuma na tada kortizol. Taba ita ce babbar abokiyar ciwon dasashi da sankarar baki, kuma tana da wayo: tana matse jijiyoyin dasashi har jini shi daina fita, mutum shi zaci ya warke alhali ƙashi na ci gaba da zaizayewa. Tiramol da samari ke sha don ƙarfin aiki na busar da baki. Wasu kuma suna taunar haƙora cikin barci, su tashi da ciwon muƙamuƙi da ciwon kai, wanga ma ɗan damuwa ne.

Akwai ƙwayar da ake saida bisa tebur da tire, deksametazon, wadda wasu mata ke sha don ƙiba, wasu don ciwon gaɓoɓi. Ku sani ƴar'uwar kortizol ce, kuma ta fi shi ƙarfi nesa. Mai shanta kullum ya sa jikinshi cikin halin da munka bayyana da kuɗinshi: hawan jini, ciwon sukari, raunin tsaro, farin ƙura bisa harshe. Wanda ya daɗe shina sha kada shi yanke rana ɗaya, shi je likita a rage mashi sannu sannu. Gaskiya ne likita kan ba mai liken pilan magani na wanga dangi, amma na shafawa ne ko na kurkura, bisa wurin ciwo, da awo, da ranar tsayawa.

Kada a sa ruwan batir, ko kanwa, ko garin taba, ko a danna aspirin bisa gyambo. Ƙuna suke, ba su warkarwa.

6. ABIN DA ZA MU YI

Ga kowa da kowa: a wanke haƙora sau 2 kowace rana, da safe da kafin kwanciya, da buroshi mai laushi da man goge haƙori, ko da asuwaki mai taushin baki, a bi gindin haƙori a hankali. Jinin dasashi ba dalilin barin wanki ba ne, dalilin ƙara kula ne. In akwai gyambo, a kurkure da ruwan ɗumi kofi 1 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a rage yaji da tsami har shi warke. A sha ruwa da yawa. A ci abin da ke gina jini gwargwadon hali: wake, gujiya, zogala, nono, ƙwai, hanta.

Ga doka guda wadda ba ta da sassauci: duk gyambo, ko fari, ko ja, ko ƙullutu cikin baki da ya wuce sati 2 bai warke ba, a kai shi CSI ko asibiti, ko da ba shi zafi. Sankarar baki da fari ba ta cika zafi ba. Wanda dasashinshi ya ƙi lafawa shi nemi a auna mashi sukari, don ciwon sukari da ciwon dasashi na ƙarfafa juna. In likita ya ce a auna jini don ciwon hanta ko sida, kada a ji haushi, aikinshi ne shike yi, baki kan riga sauran jiki ba da labari.

Ga ƴan'uwanmu na bida: ku faɗi gaskiyar halin da kuke ciki. In kasuwa ta mutu, ku ce ta mutu. Kada ku ci bashi da ruwa don a ce kun aiko. Ku riƙa zama da ƴan garinku, ku ci tare, ku yi hira. Ku ba barci haƙƙinshi. Wanda ya ga ɗan'uwanshi ya daina magana, ya rame, ba shi barci, shi zamna da shi shi tambaye shi. In fargaba ta kai ga hana aiki, ko faɗuwar gaba kullum, ko mutum ya fara cewa gara mutuwa, wanga ciwo ne mai magani, a raka shi likita ba tare da kunya ba.

Ga iyayenmu dattawa, da ladabi muke faɗi. Da can wasiƙa kan yi wata kafin ta isa Abijan. Yanzu salula na iske yaro sau 5 a yini, kowane kira da bukatarshi. Kuna da haƙƙi bisa ɗiyanku, ba mai musu. Amma in kun kira, ku fara da tambayar lafiyarshi da barcinshi kafin zancen kuɗi. Kada a riƙa auna shi da ɗan wane da ya gina soro. Haka matan da anka bari gida da ɗiya da surukai, a sauƙaƙa masu, a saurare su, su ma nasu bakin na ba da labari.

Ga ƙungiya: muna ba da shawara a ware wani abu cikin asusu don kuɗin mota da na magani ga wanda ciwon baki ya wuce mashi sati 2, yaro ko babba, don rashin jikka 2 ko 3 kada shi sa a yi jinkirin da ba shi gyaruwa. Muna kuma roƙon kowane reshe shi zaɓi dattijo guda da uwa guda masu riƙe asiri, waɗanda mai bashi ko mai damuwa zai iya zuwa wurinsu a yi shawara. Binciken New York da munka ambata ya nuna mai neman mafita ya fi mai haɗiyewa tsira da haƙoranshi, kuma neman mafita ya fi sauƙi ga wanda ke da mutane. Mu kuwa muna da mutane, shi ne dalilin kafa wagga ƙungiya.

Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba. Mai tambaya shi kawo ta wurin kwamiti, za mu amsa cikin fitowa ta gaba.  Allah shi ba mu lafiya da kwanciyar hankali, shi maida matafiyanmu gida lafiya.